Saƙon da Na Tura wa Malam Faruku Jiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Faruku ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a ƙofar gida ina wanke mota. Yayansa, Alhaji Sama'ila, shi ya kira ni. Ba ni da lambarsa, har na so in ƙyale wayar ta gama kukanta. Da na ɗauka sai ya ce, "Nafi'u ne? Sai haƙuri. Faruku ya cika da asuba. Muna hanyar kai shi Argungu, bayan azahar za a yi mashi sutura."

Na ce, "Wane Faruku?"

Wallahi haka na ce, kamar ina da wani Farukun.

Ya ce ciwon ƙoda ne, kuma ya ɗan jima a kwance a asibiti. Na ce wane asibiti? Ya faɗa mini. Nan cikin Birnin Kebbi. Daga gidana na Nassarawa ko da ƙafa zan iya zuwa wurin. Kullum ta gabansa nake wucewa in tafi aiki.

Yanzu na dawo daga Argungu, ko riga ban sauya ba. Ina ganin hotonsa yana yawo, kowa na rubuta alherin da ya sani. Ni ma zan rubuta nawa, amma ba zai yi daɗin karatu ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman abokan aikinmu.

Ga wanda bai san mu ba, Malam Faruku malamina ne kafin ya zama abokin aikina a sashen kwamfuta. Ni ɗan Ambursa ne, ɗan manomin shinkafa. Lokacin da nake ɗalibi, kabu-kabu nake hawa kullum in shigo gari, in iso aji duk na yi buɗu-buɗu. Wata rana ya tsayar da ni a bakin ofishinsa ya ce, "Kai, daga ina kake zuwa kullum a makare?" Na faɗa masa. Da mako ya zagayo sai ya miƙo mini makullin wani ɗaki da ke zauren gidan da yake haya a lokacin.

A ɗakin nan na gama karatu. Matarsa, Malama Rabi, ba ta taɓa sauke tukunya ba a kawo mini kwano ba.

Laftof ɗina ta farko tasa ce. Marfinta ya karye, sai an jingina ta da bango take tsayawa. Ya ce, "Riƙe ta da mutunci, ta girme ka a wannan sana'a."

Shi ya fara kirana Injiniya, tun ban iya komai ba.

Ranar da na fara shiga aji a matsayin malami, duk abin da na shirya ya gudu. Ashe yana zaune can baya. Sai ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya yi mini wata tambaya mai sauƙi wadda ya san na san amsarta. Daga nan harshena ya kwance. Bai taɓa tuna mini da wannan ba.

Da mahaifina ya rasu a tsakiyar kaka, shinkafa na tsaye a fadama ba mai kula, sai ga shi a Ambursa da motarsa. Ya naɗe wando ya shiga cikin masu ɗaukar buhu. Tsofaffin garinmu har yau ba su san shi da wani suna ba sai "malamin nan mai ɗaukar kaya".

Aikin da ya haɗa mu kuwa, ba a ofis ya fara koya mini shi ba. Ranar wata kasuwa ce ya ɗauke ni muka je mahaɗar da ke kusa da babbar kasuwa, ya saya mana kunun aya, muka tsaya a inuwa. Ya ce in buɗe ido.

Ya ce a cikin manyan injunan kwamfuta akwai ƙananan ƙwaƙwale masu yawan gaske, an jera su layi-layi kamar unguwar da aka yanka wa tituna. Kowane na aika wa 'yan uwansa saƙo ba dare ba rana. Saƙon ba ya tafiya dunƙule, yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakit. Kowane fakit sai ya bi mahaɗa bayan mahaɗa kafin ya kai inda aka aike shi.

Ya nuna mini wata motar haya da ta maƙale a gosulo. Ya ce, "Ka ga wancan direban? Hanya guda ya sani. Ko za ya kwana nan, ita zai bi. Haka tsohon tsari yake." Sai ya nuna wani ɗan kabu-kabu da ya hango cunkoso tun daga nesa, ya karya kwana ya faɗa lungu. Ya ce, "Wannan kuma shi muke son fakit ya zama. Ya iso mahaɗa, ya duba wace hanya ce ba cunkoso, ya bi ta."

Abin da ake ce wa adaptive routing ke nan a turance. Ni a bakin kasuwa na fara gane shi.

Muna nan tsaye sai keke mai ƙafa uku guda huɗu suka shigo mahaɗar daga kowace kusurwa, kowa na neman ya riga ɗan uwansa. Na farko ya tare na biyu, na biyu ya tare na uku, na uku ya tare na huɗu, na huɗu kuma ya tare na farko. Aka yi cirko-cirko. Ba mai iya gaba, ba mai yarda ya ja baya.

Malam ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Ya ce, "To ga sharrin abin nan. In ka bar kowa ya zaɓi hanya yadda ya ga dama, wata rana wannan za ka samu. A cikin inji kuma babu ɗan sanda da zai zo ya raba su."

Shekarun da suka biyo baya a kan wannan muka kashe su. Mun ƙirƙiro wata dabara da ke sa kowace mahaɗa ta leƙa cunkoson maƙwabciyarta, har da na wadda ke bayan maƙwabciyar, kafin ta tura fakit. Ba mu da irin waɗancan manyan injuna, don haka a manhajar gwaji muke kwaikwayonsu. A kunna gwaji, a ɗauke wuta, a sake daga farko. Haka muka yi ta fama.

A bana sakamako ya fito, ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Muka rubuta takarda, muka tura wani babban taron masana a ƙasar waje, aka karɓa. Shi da kansa ya ce sunana ne zai zo a farko. Takardar nan ita nake jira in kammala digirina na uku, ita nake jira a ƙara mini girma. Na faɗa wa mahaifiyata. Na faɗa wa surukaina. Saura kawai mu tura gyararren kwafi na ƙarshe.

A lokacin Malam ya riga ya koma gidansu na Argungu da iyalinsa, kuma ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya ce mana ƙafa ce ke ɗan damunsa.

Kwanakin baya ya kira ni ya ce in zo da laftof, akwai abin da yake so in gani.

Na same shi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, a kan tabarma, ya jingina da filo. Ya rame. Fuskarsa ta yi wani irin haske, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai. Na gani da idona. Na ce, "Malam, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ban ƙara tambaya ba, don hankalina na kan takarda.

Ya ce, "Injiniya, zamna. Waɗanda munka tura da waɗanda sunka isa ba su yi daidai ba."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Fakit ɗin. Na ƙirga na shiga, na ƙirga na hita. In kaya sunka yi yawa, akwai masu ɓata a hanya. Ina sunka tahi?"

Muka buɗe manhajar tare, ya nuna mini wurin. Tun farkon aikin, don kada kwamfuta ta riƙa sandarewa, mun sa wata doka cewa duk fakit ɗin da ya daɗe a tsaye a share shi. Mu biyu muka yarda da hakan a lokacin, mu biyu kuma muka manta. Ashe dabarar tamu tana jefa saƙonni cikin cirko-cirkon nan da ya nuna mini a kasuwa, manhajar kuma tana share su shiru. Sai mu auna saurin waɗanda suka tsira kawai, mu ga abin ya yi kyau.

Na gane gaskiyarsa ce. Amma maimakon in gode masa, sai na fara neman mafita.

Na ce, "Malam, masana sun duba sun karɓa. Ba su gani ba."

Ya ce, "Mu mun gani."

Na ce to mu tura haka, mu ƙara layi ɗaya a ƙarshe mu ce za a duba wannan a aiki na gaba.

Ya girgiza kai. Ya ce gyaran ba ɓoyayye ba ne. Mu ware layi guda a kowace hanya wanda zai riƙa bin tsohon tsari, duk fakit ɗin da ya maƙale ya faɗa nan ya samu ya fita. Ya ce saurin zai ragu, watakila ya ragu sosai, kuma sai mun sake gwaje-gwajen duka. Wato taron bana ya wuce mu.

Ya ce, "Wani yaro a wata ƙasa zai ɗauki takardar nan ya gina nashi aiki a kanta. Zai sha wahala bai san dalili ba. Ba ni son hakkinshi."

Na ce, "Ni kuma nawa hakkin fa?"

Ya dube ni.

Daidai nan aka fito da abinci daga cikin gida. Tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wanda Malama Rabi ta san ina so. Na rufe laftof na ce ina sauri. Ya ce, "Haba Nafi'u, ko loma guda." Na ce na ƙoshi.

Mutumin nan ya dafa bango ya miƙe, ya rako ni har bakin mota. Yana jan ƙafa, ni ina gaba ban rage tafiya ba. Da na shiga ya dafa ƙofar ya ce, "Ka tuƙa a hankali. Ka gaida Inna."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Da na dawo, ban yi shiru ba. A ofis, wurin shan shayi, na ce Malam Faruku ya tare mini hanya. Na ce shi ya riga ya kai inda zai kai, ba ya son na baya su taso. Wasu suka ce ba halinsa ba ne. Wasu suka gyaɗa kai. Ban faɗa wa kowa maganar fakit ɗin da ke ɓata ba.

Na kira shi sau da dama don in matsa masa ya amince, waya na shiga ba a ɗauka. Na ce fushi yake yi. Ashe an kwantar da shi.

Jiya bayan azahar, da na ga ranar rufe karɓar takardu ta matso, sai na danna waya na yi masa saƙon murya. Ba zan maimaita duka ba. Na ce masa in hassada ce ya fito ya faɗa. Na ce ɗakin zaure da tsohuwar laftof ba su sa ya mallake ni ba. Na ce da shi da babu shi zan tura takardata.

Da bakin nan nawa na faɗa.

Can da la'asar na ga alama ta nuna an saurara. Ba amsa. Har na ce wa matata, "Kin gani ko? Ya ji, ya share ni."

Yau a maƙabarta ina cikin waɗanda suka karɓe shi aka sa a kabari. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ina zuba ƙasa ina roƙon Allah ya sa ba shi ya saurara ba, ya sa wani ne ya taɓa wayar bisa kuskure.

Bayan an dawo an zauna zaman gaisuwa, sai Alhaji Sama'ila ya taɓa kafaɗata ya ce, "Rabi na son magana da kai."

Na so ƙasa ta tsage.

Na shiga na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Tana daga ciki bayan labule, mata na zaune kewaye da ita. Na yi mata gaisuwa. Ta amsa. Sai ta roƙi matan su ɗan ba mu wuri, aka bar wata tsohuwa guda.

Ta ce, "Nafi'u, ni na kunna mashi saƙonka."

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Hannunshi ba ya iya riƙon waya. Na ce mashi ga saƙo daga Nafi'u, sai ya yi murna, ya ce in kara mashi a kunne. Ban san abin da ke ciki ba. Da na ji inda maganar ta dosa na so in kashe, ya hana ni."

Na ce, "Malama, ki yafe mini."

Ta ce, "Tsaya in ida. Saƙo ne aka ba ni."

Ta ce ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce ta danna masa ya ba ni amsa. Ta danna, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita yadda waya za ta ɗauka. Suka sake gwadawa, haka. Sai ya ce ta bari, ta matso da kunnenta.

Ta ce, "Ya ce in gaya maka ba hassada ba ce. Ya ce yaron ya gaji ne, an daɗe ana ja mashi rai, kada in riƙe ka da wannan. Ya ce ya yahe tun kahin ka roƙa, don ya san ka, abin zai dame ka. Ya ce takarda taka ce, in ka ga dama ka tura, amma ka cire sunanshi."

Sannan ta ce, "Kuma shi ya hana a gaya maku yana asibiti. Ya ce kana da babban aiki a gabanka, kada a raba maka hankali."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ita da aka yi wa rashi, ita ta koma tana ba ni haƙuri. Tsohuwar nan ta ce, "Tashi ɗana, kuka ba ya yi mashi komai. Addu'a za ka yi."

Da zan fita Malama Rabi ta ƙara cewa, "Ni ban gaya wa kowa ba, ko Alhaji bai sani ba. Ba kuma zan gaya ba."

Ta rufa mini asiri. Na gode mata, Allah ya rufa nata duniya da lahira. Amma a hanyar dawowa na ga cewa in na karɓi wannan rufin asirin na yi shiru, maganar da na shuka a ofis za ta ci gaba da yawo, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa.

Kafin in fara wannan rubutu na aika wa masu shirya taron cewa mun janye takardar, na kuma faɗa musu dalili. Gobe in Allah ya kai mu zan sanar da shugaban sashe. Digiri da ƙarin girma su jira. Zan sake gwajin da gyaran da ya faɗa, duk abin da ya fito shi za a rubuta, ko ya yi kyau ko bai yi ba.

Ku da kuka ji daga bakina cewa Malam Faruku ya tare mini hanya, ku ji wannan ma daga bakina: ƙarya na yi masa. Kuskure ya gani a aikinmu yana cikin ciwon ajali, ya kira ni gefe ya nuna mini, ni da shi kawai. In kun kai waccan maganar wani wuri, don Allah ku kai wannan can.

Ya Allah, ga bawanka Faruku ya zo gare ka. Ka san shi fiye da mu. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka saka masa da Aljannar Firdausi a kan kowane ɗalibi da ya ɗauka ya tsayar da ƙafafunsa. Ka ba Malama Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ba sai ka rubuta mini komai ba. Kada ma ku ba ni haƙuri, an riga an ba ni wanda ya fi ƙarfina.

Shi za ku yi wa addu'ar. In kun gama, in da saura, ku roƙa mini Allah ya yafe mini.